Albashi mai tsoka ko hutu mai yawa? Ƙanena ɗauko kalkuleta tukuna

Wani ƙanenmu ne ya turo min wannan saƙon, na ɗan rage masa tsawo amma ban taɓa ainihin maganarsa ba.

"Salam Yaya, dan Allah shawara nake nema kaina ya kulle. Shekarata 34, ina da mata da yara biyu, babban shekararsa biyar ƙaramar kuma ko tafiya bata fara ba. Za a rufe ɓangarenmu a wajen aiki, na nema wurare da yawa sai Allah ya taimake ni biyu suka kira ni lokaci guda. Na farkon albashinsu ya fi wanda nake ɗauka yanzu da kashi 20 cikin 100, amma hutun shekara kwana 15 ne, kuma a intabiyu manajan ya faɗa min gaskiya cewa mutanensu sukan yi kamar awa 50 a sati kuma babu kuɗin obataim. Na biyun albashi daidai da na yanzu ba ƙari ba ragi, hutu kwana 30, awa 40 a sati. Ina da bashi da nake biya saura wata 14, mahaifina ba shi da lafiya ni nake kai shi asibiti duk bayan sati biyu. Yayana yace in na bar kuɗi na ɗau hutu to bani da hankali, wai hutu sai a kabari. Matata kuma tace ita bata ce komai ba, amma na san irin wannan shirun. Ranar Litinin zan ba su amsa."

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma barka da arziki, don ace wurare biyu suna zaune suna jiran bakinka ai ba kowa ke samun irin wannan ciwon kan ba, wasu shekara suke yi suna tura takardu ko amsar imel basu samu ba.

Toh bari na fara da inda nake ganin lissafinka ya karkace, kuma ba laifinka bane, haka aka jera maka shi. Kai kana kallon abin kamar kashi 20 na kuɗi a hannun dama, ƙarin kwana 15 na hutu a hannun hagu. Da ace iyakar maganar kenan wallahi da yayanka ya fi ka gaskiya kuma da ni ma bayansa zan bi. Duba ka gani, wanda yake aiki kwana biyar a sati yana da ranakun aiki wajen 260 a shekara, kwana 15 a cikin 260 bai ma cika kashi 6 cikin 100 ba. Wato in da za ka sayi waɗannan kwanakin da kuɗinka, a yanke maka albashinsu ka zauna a gida, kashi 6 ɗin nan ne farashinsu. Wa zai bar 20 ya ɗau 6? Babu.

Amma akwai wani layi a saƙonka da ka rubuta ka wuce shi da gudu kamar ba komai ba, shine awa 50 ɗin nan da babu obataim. Nan gizo yake saƙar.

Ɗauko kalkuleta mu yi tare, dan Allah kar ka yarda da ni ka danna da kanka. Na ɗauka kwanakin hutun da suka faɗa maka ranakun aiki ne, banda Asabar da Lahadi. Wurin farko kwana 15 sati uku kenan, saura sati 49 na aiki, sau awa 50, ya ba ka awa 2,450 a shekara. Wuri na biyu kwana 30 sati shida kenan, saura sati 46, sau awa 40, ya ba ka awa 1,840. Cire wannan daga wancan, awa 610 ne tsakaninsu. In ka raba shi takwas-takwas kusan kwana 76 ne na cikakken aiki. Kaga ashe ba kwana 15 ake ciniki a kai ba, kwana 76 ne, sama da wata uku na ranakun aiki, kawai dai an yayyanka su ƙanana an watsa a cikin yammacin kowace rana yadda ido ba zai gan su a dunƙule ba.

Yanzu sai kuɗin. Mu ce albashinka na shekara 100 ne, ko nawa ne shi a zahiri. Wurin farko za su ba ka 120 ka ba su awa 2,450, na biyu su ba ka 100 ka ba su awa 1,840. Kuɗi ya ƙaru da kashi 20, lokaci ya ƙaru da kashi 33. In ka raba kuɗin da awanni za ka ga wurin da kake ce masa mai ƙaramin albashi shi yake biyan kowace awa taka da tsada, da wajen kashi 11 cikin 100. Abin da ya fi bani haushi ma shine in ka ware ƙarin awa 610 ɗin nan ka dubi ƙarin kuɗin da aka ɗora a kansu, kowace awa ɗaya ana saya a wajen kashi 60 cikin 100 na farashin awarka ta yau da kullum. A Amurka, ƙasar da ko hutun shekara mai albashi dokar tarayyarsu bata tilasta wa kamfani ya bayar ba, tun 1938 suke da dokar da ta kawo biyan obataim, kuma ma'aikacin da dokar ta shafa in ya haura awa 40 a sati ana biyansa kuɗin awa ɗaya da rabi kan kowace awa. Su ɗaya da rabi, kai kuma ana so ka sayar a kan abin da ya ɗan haura rabi, kuma awannin da za ka sayar ɗin su ne masu daɗin, na yamma, lokacin da yaro ɗan shekara biyar yake farke yana neman wanda zai nuna wa zanen da ya yi.

Kuma fa wannan 20 ɗin ba duka zai shigo aljihunka ba. A yawancin ƙasashe haraji hawa-hawa yake, ƙarin da ya hau saman albashi shi ake fi yanka, sai a cire na fansho, sannan ga kashe-kashen da doguwar rana take jawowa da kanta, wanda zai ɗauko yaro daga makaranta, wanda zai raka Baba ranar da oga yace akwai mitin, ɗan gyaran da da kanka za ka yi a gida yanzu sai ka kira wani ka biya. Ka tambaye su nawa ne zai faɗo asusunka a ƙarshen wata bayan an cire komai, wannan lambar ita za ka saka a kalkuleta, ba wadda aka rubuta da manyan baƙaƙe a takarda ba.

Sai maganar Baba, wadda a ganina ita kaɗai ma ta kusa yanke hukuncin. Duk bayan sati biyu zuwa 26 kenan a shekara. A ce kowane zuwa rabin yini kawai yake cin maka, wanda duk wanda ya taɓa zaman layin ganin likita ya san na yi maka sauƙi, to kwana 13 kenan. Wurin farko kwana nawa ya rage maka? Biyu. Kwana biyu a shekara guda, a cikinsu za ka yi jinyar kanka in zazzaɓi ya kama ka idan basu da hutun rashin lafiya daban, a cikinsu yaro zai yi rashin lafiya, a cikinsu za ka huta. A wuri na biyu kuwa ka cire 13 saura 17. Kuma kar ka manta wurin da ake awa 50 ba yawan kwanakin ne kawai matsalar ba, kallon da za a dinga yi maka ne duk ranar da ka ce zan fita, kai sabon zuwa, wata na biyu ka fara neman izini duk bayan sati biyu, tun suna cewa Allah ya sawwaƙe har su fara yin shiru.

Wani abu kuma game da lambar da manaja ya faɗa maka. Na yaba masa da ya faɗi gaskiya, da yawa basa faɗa, amma a iya zamana da masu ɗaukar aiki ban taɓa ganin wanda ya faɗi adadin satin da aiki ya yi zafi ba, na satin da ake lafiya suke faɗa. In yace kamar 50 to ka ƙaddara akwai satin 55 akwai na 60. Kuma wannan ba maganar raki bace. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike tare, suka ce masu yin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare su ya fi na masu awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon toshewar jijiyoyin zuciya kuma da kashi 17, suka ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 ta dalilin doguwar ranar aiki. Ban ce awa 50 za ta kashe ka ba, 50 ba 55 bace kuma shekararka 34, amma kana tsaye ne a bakin layin, ga jinya ga jaririya da bata bari a yi barci, jiki kuwa magayi ne.

Shi yasa maganar yayanka ta hutu sai a kabari ta bani dariya ta kuma bani tausayi, don na san daga ƙauna ta fito, mutum ne da wataƙila ya ɗanɗani rashi yana tsoron ƙanensa ya ɗanɗana. Amma awa takwas a rana ba malalata ne suka ƙirƙiro ta ba. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fara zartarwa a 1919 a kan wannan ce, awa 8 a rana awa 48 a sati ga ma'aikatan masana'antu. Henry Ford mai kamfanin mota, wanda ba wanda zai ce masa mai tausayin ma'aikaci ne fiye da kima, a 1926 ya mayar da masana'antunsa kwana biyar awa 40, don ya ga ribarsa a ciki. A 2022 ma kamfanoni 61 a Birtaniya suka gwada aikin kwana huɗu a sati na wata shida ba tare da rage albashi ba, da aka gama 56 suka ce za su ci gaba. Ba wai ka je ka karanta wa yayanka wannan bane, ba zai saurare ka ba, ni dai abu ɗaya nake so ka tambaye shi cikin ladabi, Yaya in na karɓi na kuɗin za ka karɓi kai Baba asibiti? In yace eh da gaske to lissafin ya canja sosai kuma ka gode masa. In ya fara cewa ai ka san yanayin aikina, to ka ji amsarka, shi ma lokacinsa yake karewa.

Yanzu bari na juyo na kare kuɗi, don kar ka ce Yaya ya tsufa ya ƙoshi shi yasa yake raina albashi. Ban raina ba. Hutu da aljihu wayam ba hutu bane, zaman tunani ne, mutum yana kwance a gida mai bin bashi yana kiran waya ai gara masa ofis. Masu cewa kuɗi baya kawo kwanciyar hankali yawanci basu taɓa rasa kuɗin magani ba. Ko masana ma sun yi ta kai-kawo a kai, a 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton suka ce jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa da kuɗin shiga har zuwa wani mataki sai ya tsaya, a 2021 Matthew Killingsworth ya zo da nasa binciken yace shi bai ga inda ya tsaya ba, daga baya a 2023 shi da Kahneman suka zauna suka sake duba alƙaluman tare suka ga ga yawancin mutane yana ci gaba da hawa. To kaga ba zan zauna na ce maka ƙarin kuɗi banza bane. Sannan albashi yana da wata ɗabi'a da hutu bashi da ita, yana haihuwa. Ƙarin shekara-shekara a kansa ake lissafawa, fansho a kansa ake yanka, wurin da za ka nema nan gaba sau da yawa daga inda ka tsaya za su fara ciniki da kai. Kashi 20 na yau in an bar shi shekara goma ya fi ƙarfin kashi 20. Hutun bana kuwa in ya wuce ya wuce, baya ajiye maka komai a banki. Wannan gaskiya ce kuma duk mai ba ka shawarar da ya ɓoye ta ya cuce ka.

Saboda haka tambayar da zan maka, wadda baka amsa a saƙonka ba, albashin nan na yanzu yana kai ku ƙarshen wata? Ina nufin bayan biyan bashin da maganin Baba da haya da makaranta, ana kaiwa ko sai an ranto an cike? In sai an ranto, wato ramin kullum ƙara zurfi yake, to ka manta duk abin da na faɗa a sama ka karɓi na kuɗin, ka toshe ramin, mu yi maganar hutu daga baya. Amma yadda ka rubuta cewa bashi saura wata 14, wanda yake ƙirga saura watanni mutum ne da yake biya a kan kari, mai nutsewa baya sanin saura nawa. In haka ne to bashin nan da kansa zai mutu, kuma ranar da ya mutu ka samu ƙarin albashi ba tare da kowa ya ƙara maka ba, don abin da kake turawa duk wata ya dawo hannunka.

Gwada wannan ma. A ce rubu'in albashinka kake biya duk wata, 25 cikin 100, sau 14 ya zama 350. A ce bayan haraji ƙarin da zai shigo hannunka 14 ne, ka haɗa duka ka zuba a bashin, 39 kenan duk wata, za ka gama a wata tara. Wata biyar ka rage. Ka saka naka alƙaluman na gaskiya ka gani, amma tambayar ita ce shin rage 'yan watannin nan ya kai awa 610 a shekara? Kuma wannan fa in har duk ƙarin ya tafi bashi ne, wanda ni dai ban cika ganin an yi ba. Abin da aka saba gani shine wata na farko a ce bari a ɗan sarara an sha wahala, wata na uku an canja waya, kafin shekara ƙarin ya narke a cikin rayuwa har ba a san inda ya shiga ba, sai a wayi gari ba a iya komawa ƙaramin albashi kuma ba a iya barin awa 50 ɗin. Kuɗin da bashi da suna kafin ya zo, wato ba a ce na kaza bane, baya zama.

Toh amma kafin ka ruga ka ce wa na biyun na amince, tsaya, don ni nan an taɓa yi min sakiyar da ba ruwa. Na taɓa aiki a wani wuri da takarda ta ce kwana 30, na yi ta murna ina faɗa wa mutane, shekarar farko kwana tara na iya ɗauka. Ba wanda ya taɓa ce min a'a fa, kullum amsar ita ce ba damuwa amma bari mu wuce wannan aikin tukuna, aikin kuma baya wucewa, in ka tafi ma babu wanda zai riƙe maka teburinka, ka dawo ka tarar da shi ya yi tsiri, ga waya tana ta ƙara kana gida har ka gwammace da baka tafi ba. Ƙarshen shekara aka ce kwanakin da ba a ci ba sun ƙone. Tun daga nan na daina tambayar kwana nawa kuke bayarwa, sai dai kwana nawa mutanen sashen nan suka ɗauka bara. In ka samu wani da yake aiki a can, ko ma wanda ya bari, wanda ya bari ya fi faɗin gaskiya, ka tambaye shi ƙarfe nawa ake tashi da gaske, oga yana kira da dare ko ranar Asabar, in mutum ya tafi hutu wa yake riƙe aikinsa. A Faransa sai da ta kai a 2017 doka ta fara aiki da ta sa manyan kamfanoni su tsara da ma'aikatansu yadda mutum zai iya kashe waya da imel bayan an tashi, kaga ashe ba mu kaɗai abin yake ci ba.

Sannan ka sa su rubuta maka ƙananan abubuwan nan a takardar ɗaukar aiki, kar ka ji kunya. Kwana 30 ɗin har da ranakun hutun gwamnati a ciki ko banda su? Ba tambayar banza bace, a Birtaniya doka ta ba mai aikin kwana biyar a sati kwana 28 amma an yarda kamfani ya lissafa ranakun hutun ƙasa a cikinsu, sai mutum ya ji 28 ya ɗauka duka nasa ne ya zaɓa. Ana iya ɗaukar rabin yini? Wannan a gare ka ya fi komai, in basa yarda da rabin yini zuwa asibiti 26 zai cinye maka kwana 26 cur. Hutun rashin lafiya daban yake? Wanda ba a ci ba yana tsallakawa sabuwar shekara ko yana ƙonewa? Kuma a watannin gwaji na farko ana barin mutum ya taɓa hutunsa, don wasu wuraren sai ka cika wata shida, Baba kuma ba zai jira wata shida ba. Gara ka faɗa musu maganar asibitin tun yanzu a wuce wurin, yadda fuskarsu ta yi in ka faɗa ma wani intabiyun ne, kai kake musu wannan karon.

Kuma tunda Allah ya ba ka biyu a hannu, ai wannan ne lokacin ciniki, ba ka da wani lokacin da ya fi shi, ranar da ka sa hannu bakinka ya mutu. Kira na biyun gobe, ba sai Litinin ba, ka ce musu gaskiya ku nake so kuma na fi karkata gare ku, amma ina da wata ofa da ta fi taku da kashi 20, ban ce ku kamo ta ba, ko za ku iya ɗan matsowa? Ka yi shiru ka bar su su yi magana, kar ka cike shirun da ba komai in ba zai yiwu ba, mu da yawa nan muke kashe kanmu. Ko 5 suka ƙara ko 8 riba ce, in sun ce babu a kasafi ka nemi a rubuta cewa za a duba albashin bayan wata shida ko shekara, a rubuce fa, alkawarin baki yana tafiya da manajan da ya yi shi. Da wuya ƙwarai a janye aiki don mutum ya tambaya cikin mutunci, wurin da zai janye saboda haka kuwa Allah ne ya raba ka da su. Kar dai ka ƙara gishiri a lambar, ka faɗi yadda take. Na farkon ma kana iya neman su ƙara kwanaki, wataƙila su ba ka biyar, amma awa 50 ɗin ba za su iya cire maka ba ko sun so, ba a takarda take ba, a jinin wurin take, ba za ka tashi ƙarfe biyar kana ratsa mutane suna zaune ba.

Abu ɗaya ne banda ramin bashi zai sa na ce ka tafi na farkon, idan akwai wata ƙwarewa ko wani matsayi da za ka samu a can wanda babu shi a na biyun, irin wanda bayan shekara biyu zai buɗe maka ƙofar da yanzu take rufe. Wannan kam ana shan wuya dominsa, kamar komawa makaranta ne. Amma ko shi sai da ranar fita, kai da matarka ku san wata kaza na shekara kaza ne, ku rubuta. Baka ambaci komai irin wannan ba a saƙonka, kuɗin kawai ka ambata, shi yasa nake zaton babu.

Sai uwargida. Ƙanena, tace bata ce komai ba don bata so gobe a ce ita ta hana ka arziki, musamman da yayanka ya riga ya yi magana, wace mace ce za ta so a ce ta ja da dangin miji a kan kuɗi? Amma awa 610 ɗin nan ba daga jikinka kaɗai za a yanke su ba, duk awar da baka gida tana hannunta ne ita da yara biyu, wato ana shirin ɗaukar ta ƙarin aiki ita ma ba tare da an mata intabiyu ba. Kar ka tambaye ta wanne kike so, za ta sake ce maka duk wanda ka gani. Zaunar da ita bayan yara sun yi barci ka nuna mata lissafin nan a takarda, ka ce ga abin da zai shigo ga abin da zai fita, in na ɗau wannan ƙarfe kaza zan dinga dawowa, ke ya za ki yi da ranakun? Kuma ka shirya jin abin da baka zata ba, zai iya yiwuwa bashin ne yake hana ta barci ba rashinka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni daga nesa nake hasashe.

In ka matsa min sai na zaɓa maka, da abin da ka rubuto kaɗai, na biyun zan ɗauka, bayan na yi cinikin nan kuma na tabbatar hutun na gaske ne. Sai dai zan ja kunnenka a kan abu guda, lokaci ma yana narkewa kamar yadda ƙarin albashi yake narkewa, na ga waɗanda suka zaɓi hutu suka ƙare da shi a kan waya suna dannawa har dare, ba Baba ba yara ba barci. Yadda nace kuɗi sai da suna haka shi ma. Ware na asibiti, ware yamma biyu ko uku da wayar take a ɗaki kai kana tare da yara, kuma kar ka tara hutun duka ka ci a tashi ɗaya, daɗin dogon hutu 'yan satuttuka ne bayan an koma aiki ya gushe, gara ka rarraba shi a cikin shekara. In ka ga da sarari ka ɗau awa uku ko huɗu a sati ka yi wani kwas da zai ɗaga farashinka, ko ɗan aikin gefe in kwantiraginka bai hana ba, ka duba wannan layin ma kafin ka sa hannu, wasu suna hanawa. Ko awa huɗu a sati ka ɗauka wajen 200 ne kawai a shekara, har yanzu kana da sama da 400 a hannu da wancan wurin zai cinye.

Ka kuma tambayi asibitin ko suna da layin safe sosai, in Baba zai iya ganin likita da farko-farko wataƙila wani zuwan ko rabin yinin ba zai ci ba. Ka gaishe min da shi, ka rubuto min yadda kuka yi da mutanen a waya.